Legas da Teku: Wa Za a Kare, Wa Za a Tura wa Ruwa?

Titin Ahmadu Bello da ke Victoria Island a Legas ya taɓa zama ƙarshen ƙasa ta wannan gefen. Shekaru ashirin da suka wuce, wanda ya tsaya a bakinsa ya juya wa gine-gine baya ba abin da zai gani sai ɗan siririn yashin Bar Beach, daga nan sai Tekun Atilantika. A wajajen 2005 igiyar ruwa ta riƙa haurowa kan kwalta, ta gutsure wani sashe na titin, ta riƙa shiga harabar ofisoshin da ke jere a gefensa. Yau teku ya ja baya da nisa. A inda yake a da, yanzu sabon fili ne da aka cike da yashin da jiragen ruwa suka zuƙo daga ƙarƙashin teku, da dogayen benaye jefi-jefi, can gaba kuma ganuwar duwatsu. Sunan wurin Eko Atlantic.

Ba sauyin yanayi ne ya fara cin Bar Beach ba. Daga wajajen 1908 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, domin kada yashi ya toshe wa manyan jirage hanya. A wannan gaɓar kuwa, igiyar ruwa daga yamma take ɗauko yashi tana kai shi gabas. Da katangun suka tare hanya sai yashi ya taru ta yamma, gefen gabas kuma teku ya ci gaba da ɗiba ba mai mayarwa. Tashar ta samu lafiya, Bar Beach ta biya kuɗin. Duk wanda zai rubuta wa Legas tsarin tunkarar sauyin yanayi ya kamata ya fara da wannan tarihi, domin a birnin da ke bakin teku ba a kashe ruwa. Kau da shi ake yi daga wani wuri, ya faɗa wani. Saboda haka tambayar da ta fi kowace nauyi a irin wannan tsari ita ce: a kan wa zai faɗa?

Abin da ke cikin takardar

Legas ba ta makara ba. Tun 2009, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, jihar ta fara shirya taron ƙoli kan sauyin yanayi, lokacin da galibin jihohi ko ofishin kula da batun ba su da shi. Ta shiga ƙungiyar C40 ta manyan biranen duniya, inda take zaune tare da irin su Accra da Dakar da Nairobi da Durban. A farkon 2020 ta fitar da tsarin juriyar birni, wanda ya samo asali daga shirin birane ɗari na Gidauniyar Rockefeller. A 2021 kuma Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya ƙaddamar da tsarin aiki kan sauyin yanayi na 2020 zuwa 2025, mai burin kawo ƙarshen hayaƙin da ke ɗumama duniya daga jihar nan da 2050. Wannan ya riga alƙawarin tarayya da shekara goma, domin 2060 Shugaba Muhammadu Buhari ya ambata a taron Glasgow a ƙarshen 2021.

Masu tsarin sun fara da ƙidaya, kuma haka ya kamata. Sun ɗauki shekarar 2015 suka lissafa hayaƙin jihar, suka samu kimanin ton miliyan 26. Fiye da rabi daga makamashi yake fitowa, wato wutar gidaje da shaguna da masana'antu. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga shara ne, kusan ɗaya cikin biyar kuma daga ababen hawa. Wanda ya taɓa kwana a Legas ba zai yi mamakin kason makamashi ba. Da zarar an ɗauke wuta, layi ɗaya sai ka ji janareto goma sun amsa, daga ɗan ƙarami na mai aski zuwa ƙaton na banki.

An kuma ga wasu abubuwa a ƙasa. Motocin BRT sun fara aiki tun Maris 2008 tsakanin Mile 12 da CMS. Jirgin ƙasa na Blue Line, mai aiki da lantarki, ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023 daga Marina zuwa Mile 2, tafiyar kilomita 13. Na Red Line ya biyo baya a Oktoban 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, ya ratsa ta Agege. A Janairun 2024 aka haramta farin mazubin abincin nan mai kama da soso, wanda ke toshe kwatoci. Bayan da aka gyara tsarin mulki a 2023 aka ba jihohi damar shiga harkar lantarki, Legas ta yi tata dokar a ƙarshen 2024. Duk wannan aiki ne, kuma wanda ya saba ɓata rabin yininsa a cunkoson hanyar Badagry ya san darajar jirgin Blue Line.

Sai dai akwai gaskiyar da ba a cika son faɗa a wajen taro ba. Ko da Legas ta kashe kowane janareto gobe da safe, teku ba zai fasa tasowa ba. Hayaƙin Afirka gaba ɗaya bai kai kashi 5 cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa ba. Rage hayaƙi yana da amfaninsa ga huhun mutanen Legas da aljihunsu, yana kuma buɗe ƙofar samun kuɗi daga waje. Amma abin da zai nuna ko tsarin ya yi aiki ko bai yi ba, ruwa ne.

Ƙofofi uku na ruwa

Ruwa ta ƙofa uku yake shigo wa Legas. Ta farko sama ce. Damina a can takan kankama daga Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, sannan ta dawo a Satumba da Oktoba. Ranar 10 ga Yuli 2011 an wuni ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, birnin ya tsaya cak, mutum fiye da ashirin suka rasu. An sake ganin irin haka a Yulin 2017, lokacin da ruwa ya shanye titunan Lekki da Victoria Island, da kuma farkon Yulin 2024. Iska mai zafi ta fi ɗaukar tururi, don haka ruwan da a da zai rarrabu a kwanaki yakan zubo cikin 'yan sa'o'i.

Ta biyu teku ce da tafkin Legas. Masanan kwamitin IPCC na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce daga 1901 zuwa 2018 tekun duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20, kuma saurin tashin yana ƙaruwa. Santimita 20 bai wuce taƙi guda ba, mutum zai iya rainawa. Amma manyan magudanan Legas a tafkin suke juye ruwansu, shi kuma tafkin yana hawa da sauka tare da teku. In aka yi ruwan sama a daidai lokacin da tafkin ya cika, bakin magudana yakan nutse, ruwan ya rasa mafita ya koma da baya cikin unguwa. Jami'an jihar sukan kawo wannan bayani duk lokacin da aka yi ambaliya, kuma gaskiya suke faɗa. Abin da ba su cika ƙarawa ba shi ne, da kowane santimita da teku ya ƙaru, irin waɗannan sa'o'i na toshewa suna daɗa yawa. Ga shi kuma ƙasar kanta tana lotsawa a wurare da dama. Ruwan famfon gwamnati ba ya isa ga mafi yawan mutane, kusan kowane gida mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse, ana ta zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, ana kuma ɗora benaye masu nauyi a kan fadamar da aka cike da yashi.

Ƙofa ta uku ita ce wadda ta fi shafar Hausawan Legas: Kogin Ogun. A kusa da Abeokuta akwai madatsar ruwa ta Oyan. In ta cika a ƙarshen damina dole a buɗe ta, ruwan kuma ya gangaro kudu ya bi ta Isheri da kasuwar shanu ta Kara, ya sauka kan Agiliti da Owode da Ajegunle ta hanyar Ikorodu, unguwannin da ke kewaye da Mile 12. A Oktoban 2010 ya tashi mutane da yawa, har aka kwashe wasu zuwa sansani a Agbowa. Irin wannan ambaliya tana iya zuwa rana tsaka, sama tas ba ko gajimare.

Kwata da baban bola

Ga yadda yashe kwata yake a galibin unguwanni. Ma'aikata su shiga da dogon takalmin roba da shebur, su riƙa fito da baƙar laka mai wari, cike da ledar fiya wata da robar lemo da tsumma. Su tsiba ta a bakin titi, daf da kwatar, domin ta tsane kafin motar kwasa ta zo. Motar takan yi jinkiri. Masu abin hawa su tattake gefen tsibin, kaji su tona, daren nan kuma a yi ruwa ya mayar da rabinta inda aka fito da ita. A takarda an yashe kwatar, an kuma biya kuɗin aikin.

Jihar tana da ma'aikatan gaggawa masu buɗe magudanai, kuma ma'aikatar muhalli a ƙarƙashin kwamishina Tokunbo Wahab ta rushe gine-gine da dama da aka ɗora a kan hanyar ruwa, har a unguwannin masu kuɗi na Lekki. Wannan abin a yaba ne, ko da yake tambaya tana nan: wa ya sa hannu a takardar izinin ginin tun farko? Amma ƙananan kwatocin cikin layi, inda ambaliya ke farawa, ba su da mai su na haƙiƙa. Tsabtace muhalli na ƙarshen wata, wanda ke fito da kowa da tsintsiya da shebur, an dakatar da shi a 2016 bayan kotu ta ce hana zirga-zirga a ranar ba ya bisa doka.

A nan ne batun baban bola ya shigo. Dubban matasa, da yawansu 'yan Arewa, suna tura baro layi-layi suna kwasar shara a lungunan da motar hukumar kwashe shara ta LAWMA ba ta iya shiga. Wasu kuma suna kan juji irin na Olusosun da ke Ojota, wanda ya kama da wuta a Maris 2018 hayaƙinsa ya turnuƙe unguwannin kewaye, suna tsince roba da ƙarfe da gwangwani. A Janairun 2018 gwamnati ta haramta aikin masu baro, bisa zargin suna juye shara a kwata da tsakiyar titi. Zargin ba ƙarya ba ne ga wasunsu. Amma mutumin da ba a ba shi wurin juyewa ba, wanda kuma kama shi ake yi in ya doshi jujin hukuma, ina zai kai kayan? Tsarin da ya gano cewa kashi ɗaya cikin huɗu na hayaƙinsa daga shara yake, ya kuma ce zai bunƙasa sake sarrafa roba, bai kamata ya kori mutanen da suka riga kowa fara wannan sana'a ba. A yi musu rajista, a ba su riga da lamba da wurin tara kaya, a hukunta wanda ya zuba a kwata. Ya fi arha, ya kuma fi kusa da yadda birnin yake tafiya.

Ganuwa ga wasu, katafila ga wasu

Mu koma bakin teku. An fara cikon Eko Atlantic a ƙarshen shekarun 2000, kamfanin South Energyx na rukunin Chagoury ne ke aikin tare da amincewar gwamnatin jiha. Filin zai kai kimanin murabba'in kilomita 10. Ganuwar da ke tsare shi an tsara tsawonta ya kai kilomita 8.5, an lulluɓe ta da curarren kankare mai nauyin ton 5 kowane guda. A Fabrairun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan da tsohon shugaban Amurka Bill Clinton suka halarci bikin ƙaddamar da wurin. Ba a musun cewa ganuwar ta ceci Victoria Island.

Gabas da ita kuwa labarin daban ne. A Agustan 2012 igiyar ruwa ta afka wa gaɓar Kuramo da dare ta tafi da mutum fiye da goma. A Okun Alfa, wadda aka fi sani da Alpha Beach, teku ya ci gidaje da hanya da itatuwan kwakwa. Mazauna wurin suna cewa abin ya tsananta ne bayan da aka fara haƙar yashi da gina ganuwar, masu aikin kuma suna musantawa. Gwamnati ta jera gajerun katangun duwatsu masu kutsawa cikin teku domin su riƙe yashi, amma irin waɗannan katangu sukan ceci inda aka sa su, su bar na gaba da su cikin yunwar yashi. Yanzu kuma ga babbar hanyar Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700, da tarayya ta fara a 2024, tana bin wannan gaɓa mai rauni.

Su kuwa talakawan bakin tafki, abin da suka fi gani daga hukuma katafila ce. A 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko, aka ƙiyasta mutum kusan 300,000 suka rasa matsuguni. Daga cikin dalilan da aka bayar har da cewa wurin kwari ne mai ambaliya. Aka cike shi da yashi, yau yana cikin filaye mafi tsada a Najeriya. A Yulin 2012 aka ba wani sashe na Makoko, unguwar masunta da ke tsaye a kan turaku cikin ruwa, wa'adin sa'o'i 72. Daga Nuwamban 2016 zuwa Afrilun 2017 aka tashi Otodo Gbame, inda Amnesty International ta ce fiye da mutum 30,000 abin ya shafa. A Yunin 2017 babbar kotun jihar ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki, amma a lokacin gari ya riga ya watse.

A ganina nan ne tsarin ya fi rauni. Takardun jihar sun amince cewa yawancin mazauna Legas a unguwannin da ba a tsara ba suke zaune, kuma su ne ruwa ya fi samu. Amma in kalmar "haɗarin ambaliya" ta zama hujjar tashin talaka domin a cike wurinsa a sayar, to an ƙara wa birnin haɗari ne. Fadama da dajin bakin ruwa su ne ke shanye rarar ruwan damina. Duk hektar da aka cike, ruwan da take riƙewa sai ya nemi gidan wani. Mutanen da aka kora kuma ba barin Legas suke yi ba. Sukan koma wani kwarin da ya fi na da muni, inda ba wanda ya san da su. Alhali ƙungiyar mazauna irin waɗannan unguwanni, tare da lauyoyin Justice and Empowerment Initiatives, sun daɗe suna ƙidaya gidajensu suna zana taswirarsu da kansu. Sun san inda ruwa ke fara shigowa da inda yake kwana. Wannan ilimi ne da na'urar da ke sama ba za ta bayar ba.

Wa ke riƙe da birnin?

Legas ba ta da magajin gari guda. Tana da ƙananan hukumomi 20 da tsarin mulki ya sani, da wasu yankunan raya ƙasa 37 da aka ƙirƙira a 2003. Tsarin sauyin yanayi na gwamnatin jiha ne, daga sakatariyar jihar da ke Alausa aka rubuta shi. Kwatar cikin layi da kasuwa da ƙaramin asibiti kuwa a hannun ƙaramar hukuma suke, wadda galibi ba ta da injiniyan ruwa ko taswirar magudananta. Madatsar Oyan tana cikin jihar Ogun, a ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da kogunan Ogun da Osun. Tashar jiragen ruwa ta tarayya ce. A farkon 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa tarayya ikon hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, bayan doguwar shari'a da jihar. Ke nan mai tsarin ba shi da cikakken iko a kan yashin da ake haƙa a tafkinsa, balle ruwan da ake sako masa daga sama. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, dama ce ta ɗora musu aiki bayyananne: kowace ta san kwatocinta, ta san kwarurrukanta, ta san makarantar ko masallacin ko cocin da za a kai mutane in ruwa ya zo.

Durban ta Afirka ta Kudu ta fara irin wannan tsari tun da wuri. Hukumar birnin, eThekwini, ta fara shirinta na kare kai daga sauyin yanayi a 2004, ƙarƙashin jagorancin masaniya Debra Roberts, kuma ana kawo ta misali a duniya. Duk da haka a Afrilun 2022 ruwa ya kashe mutum fiye da 400 a birnin da kewayensa. Takarda mai kyau ba ta tare laka. Amma ƙananan abubuwa biyu sun nuna amfaninsu. Birnin yana ɗaukar ƙungiyoyin 'yan unguwa aiki, kowace a ba ta wani yanki na rafi ta riƙa cire shara da ciyawa duk shekara, ana biyan ta. A unguwar marasa galihu ta Quarry Road West da ke bakin Kogin Palmiet kuma, akwai zauren WhatsApp da ya haɗa shugabannin unguwa da jami'an birni da malaman Jami'ar KwaZulu-Natal. A daren ambaliyar saƙo ya iso kafin ruwa, aka bi gida-gida ana tashin mutane. Gidaje da dama sun tafi, mutanen cikinsu sun fita.

Legas tana da duk abin da ake bukata domin yin irin wannan. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA tana fitar da na ambaliya, masu kula da Oyan sukan sanar kafin su buɗe madatsa. Matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin sanarwa da kunnen da ya kamata ya ji ta. Sanarwar takan fito da Turanci, a jarida ko a shafin ma'aikata. Ɗan dako a Mile 12, wanda ya wuni yana sauke buhunan albasar Aliero daga tirela, ya kwanta a kan benci a rumfar maigidansa, ba zai gan ta ba. Haka mai kiwon shanu a Kara, da mai gadin da ke kwana a kangon gini a Ajah, da mai tura kurar ruwa a Ketu. Da yawansu baƙi ne da suka baro gida saboda noma ya gaza ko tsaro ya taɓarɓare, ba su san halin wannan ruwa ba, ba sa cikin rajistar kowa.

Amma suna da shugabanni. Akwai Sarkin Hausawa a Agege da Idi-Araba da sauran unguwanni, akwai shugabannin 'yan tumatir da 'yan albasa da 'yan shanu, akwai limamai, kowace ƙungiya kuma tana da lambobin wayar mutanenta. Wa'adin tsarin 2020 zuwa 2025 ya cika, wanda zai gaje shi zai buƙaci jin ra'ayin jama'a. Ya dace waɗannan shugabanni su nemi kujera a wajen tun ana rubutu, su je da buƙatu ƙayyadaddu: a riƙa turo gargaɗin buɗe Oyan da Hausa da Yarbanci da Egun ta saƙon murya, a nuna wa 'yan Kara tudun da za su kai dabbobi, a ɗaga magudanan kasuwar Mile 12, a kuma sa masu baro cikin lissafin masu kwashe shara.